Rasuwar Afandi a Tandar Ammu Girgis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da tawada ba ta gama fita daga faratansu ba, ni Awatif Abdusshafi, wadda unguwar Anfushi ta sani da Ummu Midhat, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karɓar katin salla daga hannuna, rasuwar hatimina na roba, wanda a gida muke kira Afandi. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, ana dab da ƙaramar salla, a cikin tandar gidan burodin Ammu Girgis, bayan doguwar jinya. Babu kowa a kansa sai farantan kahak, biskit ɗin nan da muke yi na salla.

Marigayin haifaffen nan Iskandariyya ne. Mijina Usta Ramzi, Allah Ya jiƙansa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta allunan shaguna da sunayen jiragen masunta, shi ya yanke shi daga guntun jar roba, ya manna shi a kan ɗan katako. Rubutun hatimi a juye ake yanka shi, don haka madubina ya yi mako yana aro. Jimla ɗaya ce a dunƙule, faɗinta bai kai bakin kofin shayi ba: "Kowace shekara ta same ku lafiya." Amma hannun Ramzi ne sak. Wutsiyar harafin ƙarshe ta lanƙwasa kamar gindin kwale-kwale, a tsakiya kuma akwai ɗan wurin da askarsa ta goce don na ƙwala masa kiran abinci. Allunan da ya rubuta duk an sauke su an kafa na lantarki, jiragen an sake musu fenti. Tun da muka binne shi, a jikin Afandi kaɗai rubutunsa ya rage.

Afandi mai kawaici ne, ba ya magana sai an taɓa shi. Kalmominsa biyu ne a duniya: "cap" a kan soson tawada, "ɗas" a kan takarda. In takardar mai kauri ce, yakan ƙara da "fyat" a hankali sa'ad da ake ɗaga shi. Ni ke yanka kwali, in naɗe shi biyu, in goge naɗin da bayan cokali, in manna busasshen furen yasmin, in ɗinke gefen da zare. Amma duk wannan shimfiɗa ce. Sai ya sauka a tsakiya kati yake zama kati. Bai san bambanci ba: ya gai da Musulmi a salla ƙarama da babba, ya gai da Kiristocin benenmu ranar idinsu da wannan jimla guda, ba wanda ya taɓa cewa ba tasa ba ce. Bai taɓa ɓata gefen takarda ba, sai in ni ce na danne shi cikin fushi.

Ciwonsa ya faro ne daga kolonya. Ƙanwata Bahiyya, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar Ramzi, ta yi imani babu abin da turaren lemon nan ba ya warkarwa, daga ciwon kai da cizon sauro har suma da mugun labari. Ta ga tawada ta yi wa Afandi baƙi, ta yi masa wanka da shi.

"Yaya, dubi yadda ya yi fes! Ke da kin bar shi kamar ɗan gawayi."

Roba da kolonya ba sa ga-maciji. Fuskarsa ta bushe, ta fara tsattsagewa. Na yi ta jinyarsa da ɗigon man gilisarin, ya ɗan farfaɗo, amma "ɗas" ɗinsa bai ƙara cika baki ba.

Wanda ya san gidanmu ya san zancen Midhat, ɗanmu tilo. Ubansa ya so ya gaji alƙalami, shi ya ce sana'ar ta mutu, suka yi baram-baram, ya tafi Kanada, ko jana'iza bai zo ba. Kowace salla katin farko nasa ne. Amsa kuwa, ko ta tari. Sai a tsakiyar azumin nan waya ta yi ƙara.

"Mama, ni ne." Muryar Midhat ce. "Salma 'yata ta fara koyon baƙaƙen Larabci, ta tambaye ni yadda rubutun kakanta yake. Katunan da kika aiko, Mama, ban ajiye ko ɗaya ba. Ko buɗewa ba na yi. Ki aiko mini na bana. Wannan zan buɗe."

Na ce masa to, kamar gishiri ya roƙa. Na ajiye wayar na zauna a ƙasan kicin na yi kuka, har Bahiyya ta rugo da kolonya.

Ban buga katin a ranar ba. Ban so jikata ta fara ganin hannun kakanta da tsaguwa a ciki, sai na fito da Afandi daga akwatinsa, na kwantar da shi a kan tebur yana shan gilisarin har ya yi laushi. Ranar Talata na tafi kasuwar Manshiyya neman shuɗiyar tawada irin wadda Ramzi ke so. Ranar ce kuma matan benenmu suka taru a falonmu yin kahak na salla, ana murza kullu ana gulma. Aka nemi abin yi wa kahak ado aka rasa. Bahiyya ta ga Afandi a kwance. Ba mugunta ba ce, na rantse, ai ta ji wayar nan tare da ni.

"Cewa na yi bana a ci gaisuwar Usta Ramzi da baki," in ji ta daga baya, tana sharɓe hawaye. "Wallahi, Yaya, sai da na wanke shi tas."

Ta bi kahak ɗin faranti guda tana buga musu shi. Da ta gama ta ajiye shi a kusurwar wani farantin, kullu ya lulluɓe shi, aka jera farantai aka ɗauka a ka zuwa tanda, kamar yadda ake yi kowace shekara. Ina dawowa da tawadata na ci karo da Ammu Girgis a ƙofar gidan burodi, yana kaɗa hayaƙi da tawul.

"Ummu Midhat, wa ya sa tayar mota a kahak ɗinku? Kun kashe mini tanda da wari!"

Ya miƙo mini Afandi a kan dogon katakon da yake zaro burodi. Wani baƙin curi ne manne da gawayi. Da ya ga fuskata sai ya cire hularsa. An ce sautin Afandi na ƙarshe "tsss" ne, ban ji da kunnena ba.

Kada wani ya zo yana ba ni shawara, duk na gwada. Da za a sami tsohon kati ko ɗaya, da an kwafi rubutun an yi sabo. Ni ban taɓa ajiyewa ba, wa ke aika wa kansa gaisuwa alhali hatimi na cikin akwati? Na bi ƙofa ƙofa. Madam Terez ta ce nata a kai take ɗora kofin shayi har ya narke. Hajja Ni'mat ta ce, "Ayya, 'yar'uwa, kwalinki akwai ƙarfi, da shi nake kwashe shara." Wani ya ninke nasa ya tokare ƙafar tebur, ya yar da shi da ya sake tebur. Shekara da shekaru ina ƙona idona, ashe abin kwashe shara nake ɗinka wa mutane. Wannan ya ci mini rai fiye da tanda.

Saura farantin da Bahiyya ta buga. Shi ya gasu lafiya, amma kafin in iso an barbaɗe shi da garin sukari, an rarraba, jikokin bene sun cinye hannun mijina suna lashe yatsu. Uku na ƙwato. Ɗaya ya fashe ina hure sukarin, ɗaya rubutun ya kumbura ya shafe. Na ukun kaɗai ke nuna rabin jimlar da wutsiyar nan. Na kai shi shagon masu hatimi a tafin hannuna.

"Hajja, ki faɗi kalmomin kawai, kwamfuta za ta fitar miki da wanda ya fi na da kyau."

Na nuna masa kahak ɗin na ce wannan nake so. Ya duba, ya juya kai. "Wannan kam sai dai da shayi, Hajja."

Marigayin ya bar soson tawada, abokin zamansa, wanda ya bushe tun ranar. Ya bar almakashi da cokali, da kwalbar shuɗiyar tawada da ko buɗe ta ba a yi ba. Ya bar Bahiyya, wadda ba ta iya haɗa ido da ni, na kuwa yafe mata da baki, zuciya tana tafe. Ya bar katin Midhat, an naɗe, an ɗinke, an manna yasmin, tsakiyarsa fari fat.

Za a binne shi ranar Juma'a bayan la'asar a barandarmu, cikin tukunyar na'ana'ar da Ramzi ya shuka. Ba za a yi masa salla ba, liman ya ce kada in kuskura. Za a ba masu ta'aziyya gahawa ba sukari. Ana roƙon kada kowa ya shafo kolonya. Wanda ya tuna wani aljihun tebur da bai duba ba, ya duba kafin ya taho, ko yagagge ne ina so, ko da yake na daina sa rai.

Midhat ya ce zai kira da safiyar salla ya ji ko kati ya kama hanya. Ban faɗa masa ba, ban kuma san abin da zan ce ba. Kahak ɗin nan guda yana cikin akwatin Afandi a kan kabad. Don girman Allah, wanda ya zo da yara ya riƙe hannunsu. Yau da safe na buɗe na duba, wutsiyar harafin ta fara zubewa.