Gwaggo Ta Rasu a Hannun Maƙwabci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da muka rasa inda za mu ajiye ta, muke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Gwaggo, shuɗiyar motar nan mai ƙofa huɗu da kowa ya saba gani a ƙarshen lungunmu, ƙarƙashin rumfar kwano. Ta rasu bayan gajeruwar jinya a hannun bakanike, sakamakon karon da ta yi da kwalbati. Ba a rasa rai ba sai nata.

Marigayiya mallakar Yaya ce, tela, wanda ya saye ta da guminsa tun idonsa na zura zare a allura ba sai ya matsa bakin taga ba. Amma wanda ya riƙe sitiyarinta a shekarunta na ƙarshe shi ne Malam, mai koyar da 'yan aji uku, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Yaya. Mutanen nan biyu ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Ɗakin haya ne ya haɗa su suna samari, tukunya ɗaya, fitila ɗaya, daga baya kowa ya yi aure suka yi gini jikin juna. Tun lokacin wannan ke cewa Yaya, wancan na cewa Ƙane, har yaran lungu suka girma suna zaton ciki ɗaya suka fito. Da idon Yaya ya soma hazo, ya kira Malam ya damƙa masa makulli, ya ce tunda nasa idon ya gaji, sai Ƙane ya riƙa ara masa nasa.

Duk wanda ya zauna da Gwaggo zai yi mata shaidar haƙuri. Ba ta taɓa wuce wata mota a hanya ba, ko da kuwa hanyar tata ce ita kaɗai. Da safe ba ta tashi da garaje. Sai an murɗa makulli ta ce kyar, kyar, kyar, ta yi shiru kamar mai tunani, a ba ta haƙuri, sannan ta yi gyaran murya ta kama. Hon ɗinta kuwa muryar tsohuwar akuya ce mai mura, ba ya tsorata kowa, sai dai mutane su kauce don girmamawa. Ta ɗauki kekunan ɗinki, ta ɗauki masu naƙuda, ta ɗauki littattafan yara har bayanta ya sunkuya, ba ta taɓa tambayar na wa ne ba. Ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa daga ciki, shi ya sa duk wanda ta rage wa hanya sai an zagayo an buɗe masa kamar babban baƙo.

Ranar da ajali ya yi kira, Malam ya kai Yaya asibitin ido, ya zaunar da shi a layi. Ya ga layin da tsawo, ya ce bari ya leƙa makaranta ya kwaso littattafan da bai gama dubawa ba, yanzu zai dawo. An yi yayyafi, titi na santsi. A kwanar kasuwa wani mai amalanke ya faɗo masa ba zato. Malam ya taka birki, birki ya tafi har ƙasa, ya karkatar da sitiyari don ya ceci mutum, Gwaggo ta tafi ta rungumi kwalbati da fuskarta. Sautinta na ƙarshe wani dogon tsaki ne, ruwan zafi na tsiyaya daga cikinta. Yaya kuwa yana kan bencin asibiti har aka soma share daɓe, yana juya kai duk lokacin da ya ji takun da ya yi kama da na ƙanensa.

Bakanike ya duba ta sama da ƙasa, ya goge hannu, ya ce injin ya tsage, ƙashin bayanta ya karye, a yi haƙuri. Ya ba da shawara a faɗa wa kamfanin inshora cewa Yaya ne da kansa ke tuƙi. Malam ya tambaye shi a hankali yadda za a yi mutumin da ke zaune a layin asibitin ido, da kati a hannu, ya bugi kwalbati a bakin kasuwa. Bakanike ya ce shi dai gyara ya iya.

Duk da haka Malam bai karaya ba, don ya san motar na da inshora mai kyau. Babban ɗan Yaya, wanda ake kira Manaja, shi ke biya duk shekara daga garin da yake aiki. Da ya iso, su uku suka tafi ofishin inshora. Wata ma'aikaciya mai ladabi ta ba su kujeru, ta yi musu jaje, sannan ta yi bayani dalla-dalla. Inshorar ta rufe mai mota da iyalinsa na jini ko na aure da ke gida ɗaya da shi. Duk wani wanda zai tuƙa, sai an sa sunansa tun farko. Nan Yaya ya tuna cewa an taɓa tambayarsa ko akwai sunan da za a ƙara, a lokacin ya ce babu baƙo a masu tuƙa motarsa. Ma'aikaciyar ta ce duk abin da aka faɗa mata za ta rubuta, kuma za a nemi shaida a kansa. Sannan ta juya wajen Yaya.

"Baba, wanda ya tuƙa motar, mene ne shi a wurinka?"

Malam yana kallon fankar da ke juyawa a sama, yana jiran kalmar da ya saba ji kullum ta kan katanga. Yaya ya juya fuska wajen ɗansa, ya juyo, ya shafa gwiwarsa.

"Maƙwabcina ne."

Gaskiya ya faɗa. Da a jarrabawa ce, Malam da kansa zai ba shi maki cikakke. Kamfani bai zalunci kowa ba, abin da aka yi alkawari da shi ya bi, kuma ba zai biya ba. Sai dai Malam ya shiga ofishin nan yana tsoron asarar mota, ya fito yana jin an zare masa wani abin da bai taɓa sanin ana iya zarewa ba.

Tun daga ranar lungun ya yi sanyi. Manaja, wanda ya tashi yana ce wa Malam Baba Ƙarami, yanzu Malam yake ce masa, da ladabi mai kaifi. An ji shi yana tambayar mahaifiyarsa wa ya ba da makulli tun farko, kuma aiken wa aka tafi ranar. Yaya bai yi faɗa ba, bai yi zargi ba. In Malam ya gaishe shi, yana amsawa lafiya lau, amma ba ya liƙa wa amsar kowane suna. Malam ya gwammace a zage shi. Yakan zauna da jan biro a hannu, littafi a buɗe, kunnensa na jikin katanga.

Muna roƙon duk mai tuƙa motar wani, ko mai ba da tasa, ya je ya tambaya tun hanya na bushe: in abu ya faru, sunan wa aka sani? Kamfani ba ya zama a lungunku. Bai san wa ya riƙe wa wani kai ranar zazzaɓi ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ƙara suna aikin zama ɗaya ne, kuma ya fi sauƙi ranar da kowa ke dariya.

Marigayiya ta rasu ta bar tayar safaya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak na ɗaga mota mai ciwon baya, da rediyo mai kama tasha ɗaya, da matashin kujera da Yaya ya ɗinka da ragowar yadudduka, da tabon baƙin mai a ƙasan rumfa wanda ba sabulun da zai fitar. Ta bar Yaya, da matarsa, da 'ya'ya da jikoki. Game da Malam, mun rasa ko a sa shi cikin waɗanda aka bari ko cikin masu zuwa gaisuwa, don haka muka bar wurin a buɗe.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da babbar mota, amma ba za ta iya shiga lungu ba, don haka sai an tura Gwaggo daga rumfarta, inda aka dawo da ita, zuwa bakin titi. Tayoyinta na juyawa, sai dai sitiyarin na ja hagu, dole wanda ya san halinta ya zauna a ciki. Jiya matar Yaya ta shigo gidan Malam wai ta dawo da faranti, ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi.

"Yayanka ya ce a ba ƙanensa sitiyari ya fitar da ita. Manaja ya soma zancen inshora, sai uban ya ce masa gawa ba ta da inshora."

Malam ya ce to. Ya san matar Yaya tun tana amarya, ya san ba ta taɓa kai saƙo ba tare da ta ɗan zuba masa sukari a hanya ba. Bai tambaye ta ko kalmar nan ta ƙane daga bakin Yaya ta fito ko ita ta ƙara ba, ita ma ba ta tsaya a tambaye ta ba.

Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin rumfa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya mayar da alheri. Yaya zai zauna a bencinsa na ƙofar gida, kuma ta gabansa za a wuce da marigayiya. Ana roƙon masu ƙarfi su zo da wuri don turi. In an zo daidai bencin, a sassauta, a rage surutu, don gilashin gefen Malam zai kasance a sauke, kunnensa na wajen Yaya.