Yadda Ake Fasa Hawan Dutse da Keke Ba Tare da An Ce Ke Kika Fasa Ba

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka na ajiye, har Yayana ya tambaye ni ko biron ne yake da zafi. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma fasa tafiya ilimi ne, kuma na ga mutane suna yin sa da ka, babu tsari. Don haka ga alkawarina: in kika bi matakan nan daki-daki, hadari zai haɗo, a fasa hawan dutse, kowa ya zauna gida a bushe, kuma babu mai nuna ki da yatsa ya ce ke kika fasa. Tabbas ne. An gwada sau ɗaya bai yi aiki ba, amma laifin mai gwadawar ne.

Duk misalan da zan kawo na wata 'yar guga ce da na sani. Ba ni ba ce. Tsayinmu ne kawai ya zo ɗaya, sai kuma shagon da muke aiki.

Mataki na 1: Kada ki bari a ga kina kallon sama

'Yar gugar nan tana aiki a shagon wanki da guga, kuma ita ke hawa saman bene ta yi shanya. Daga can ana hango dutsen tsaf, har da siririyar hanyar jar ƙasa da ta naɗe shi kamar igiya.

Akwai wata dattijuwa, tsohuwar nas, mai kawo labule da zannuwan gado wanki. Ita ta haɗa ƙungiyar mata masu hawa dutsen da keke duk Asabar, shi ya sa ake ce mata Uwar Tafiya. Ita ta lura yarinyar na satar kallon kekenta duk sanda ta jingine shi a bakin shago. Wata rana sai ga ta ta kawo mata tsohon keke da hular kwano. Ita ta koya mata kama birki a gangara ba tare da ta rufe ido ba.

To, Uwar Tafiya za ta koma wurin ɗanta da zama, a wani gari mai nisa da ta ce a shimfiɗe yake kamar faranti, ko tudun tururuwa babu. Motar kaya za ta zo ranar Litinin. Asabar ɗin nan ce hawanta na ƙarshe, sama kuwa tun farkon mako take ta kumbura fuska. Da aka taru, sai ta ce a wakilta mutum ɗaya ya duba sama da safe ya yanke hukunci. Ta juyo ta dubi 'yar guga.

"Ke, 'yata, ai kullum kina can sama tare da gajimare. Abin da kika ce shi za a yi."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. A wajenta hakan na nufin ku yi min rai. A wajensu yana nufin to.

Gaskiyar magana, ba ta san komai game da sama ba. Tana kwashe shanya ne in ta ga matar benen da ke kallon nasu ta fara kwashe tata. Daga baya ta gano matar ma ita take kallo.

Mataki na 2: Ki san abin da ake gudu

Kada ki ɗauka ruwa ake tsoro. Ruwa bushewa yake yi. Suna ne ba ya bushewa.

A ƙungiyar nan, duk wadda ta ce a fasa, ruwa kuma ya ƙi sauka, sunanta Gishiri, wato ta narke tun ɗigo bai taɓa ta ba. Sunan na nan a kanta har sai an samu wata ta karɓe ta. A lokacin yana kan Tela, mai shagon ɗinki a bakin kasuwa, kuma ya daɗe a kanta har 'yarta ta fara ɗauka sunan dangi ne.

Saboda haka babu mai cewa a fasa. Sun taɓa hawa cikin ƙanƙara kowa na murmushi. Sun taɓa saukowa da kekuna a kafaɗa, taɓo har gira, kowa na cewa ai iskar ta yi daɗi. Mata ne masu hankali ɗai-ɗai. In sun haɗu ne abin ke lalacewa.

Mataki na 3: Ki tara masana, amma masu saɓani

Masani ɗaya haɗari ne, don zai iya ba ki amsa. Ki nemi da yawa.

'Yar guga ta fara da Kakarta, wadda gwiwarta ke sanar da ruwa. Kaka ta shafa ta hagu ta ce ruwa na nan tafe kamar da bakin ƙwarya. Ta shafa ta dama ta ce wannan kuma ta ce a'a, amma kada a biye mata, tun da aka faɗi a banɗaki ba ta cika faɗar gaskiya ba.

Ta je wurin Yayanta. Ya latsa waya, ya nuna mata hoton rabin rana da rabin gajimare, ya ce ga shi nan a fili. Da ta tambaye shi wane rabin ne zai faɗo ranar Asabar, sai ya ce ta daina yi wa kimiyya rashin kunya.

Ta biya wurin mai faci. Ya ɗaga kai ya daɗe yana nazari, sannan ya ce ruwa kam zai zo, in bai zo gobe ba zai zo wani lokaci, amma tayarta ta baya tana neman iska.

Kin gani? Yanzu duk abin da ya faru, akwai wanda ya faɗa.

Mataki na 4: Ki koyi magana mai santsi

In an tambaye ki, kada ki ce e, kada ki ce a'a. Ki ɗan kanne ido ki ce, sama dai ga ta nan. Ko ki ce, akwai alama. Kada ki faɗi alamar mene ne. In an matsa, ki ce bari mu ga abin da safiya za ta yi. Safiya ba ta cikin ƙungiya, ba za a iya sa mata suna ba.

'Yar guga ta yi kwanaki tana raba waɗannan kamar alewa, har aka fara cewa yarinyar nan shiru-shiru amma akwai zurfi.

Mataki na 5: Ki ɗora wa wata

Ranar jajibiri ki je wurin wadda ta riga ta saba da kunyar. 'Yar guga ta je shagon Tela, ta gaishe ta, ta yaba ɗinkin da ke kan keke, ta yaba wanda ke rataye, ta yaba har labulen ƙofa. Can ta ce tun da Anti ta fi ta sanin hanya, ko za ta taimaka ta yi wa jama'a bayani in hadarin ya yi yawa.

Tela ta zare allura daga bakinta, ta dube ta sama da ƙasa kamar mai awo.

"Ƙanwata, ni na yi nawa wa'adin. Sunan ma na ga zai zauna miki, ko ragi ba sai an yi ba."

Wannan matakin ba ya aiki. Na saka shi ne don kada ki ce ban gaya miki ba.

Mataki na 6: Da safe, kada ki kalli dutsen

Nan mai gwadawar ta fara ɓata tsari. Da ta tsaya a ɗaki, da tana iya cewa ba ta gani ba. Sai ta ɗauki makullin shago ta hau bene.

Kan dutsen ya ɓace cikin baƙin hadari. Iska ta tsaya cik, igiyoyin shanya ko motsi. Can sai cida, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan gado a ɗakin maƙwabta. Walƙiya ta ɗan yi fari a bayan dutsen ta ɗauke. Ta leƙa benen da ke kallon nasu. Matar na tsaye da bokitin wanki a hannu, tana jiran ta ga abin da za ta yi.

In kin kai nan, ki yi tunanin sunanki kawai. Kada ki tuna cewa jar ƙasar nan in ta sha ruwa sabulu take komawa, birki ya zama ado. Kada ki tuna a can ƙoli babu rumfa, babu kogo, mutum da ƙarfen kekensa su ne suka fi komai tsayi. Kada ki tuna rafin da ake tsallakawa a kan duwatsu, wanda ke cika kafin ki gama ɗaura hula. Musamman kada ki tuna wa ke shiga gaba kullum, da farin gashinta a ƙarƙashin hular kwano, wadda ko a ranar banza ba ta juyawa, balle yau.

Ita duk ta tuna.

Ta danna waya za ta aika saƙon murya a guruf, zauren hirar ƙungiyar. Ta yi sallama, ta goge. Ta sake, ta ce sama dai ga ta nan, ta goge. Na uku numfashinta kawai ya ɗauka.

Mataki na 7: Ki kashe wayarki

Wannan shi ne uban matakai. Waya in ta mutu, laifin caji ne.

Ba ta kashe ba. Wayar ta yi ƙara a hannunta, Uwar Tafiya ce. Ta ce ta riga ta sa takalmi, ta cika gora, sauran mata kuma kowa na bakin ƙofa yana jiran wani ya yi magana. 'Yar guga ta ce akwai alama. Uwar Tafiya ta ce ta yi shekara da shekaru tana jin likitoci na irin wannan maganar, ba ta so.

"Kalma ɗaya nake nema, 'yata. A fito ko a zauna?"

Aka sake jan gadon nan a sama.

"A zauna, Mama."

Uwar Tafiya ta ce to, ta kashe.

Mataki na 8: Ki yi haƙuri da rana

Ki sani, sama ba ta da amana. Kafin hantsi hadarin ya tattara kayansa ya yi gabas, ko ɗigo bai bari ba. Rana ta fito fes, irin wadda ke busar da bargo kafin ki gama shanya na biyu. Dutsen ya fito tas kamar an wanke shi an goge.

Guruf ya kama da wuta. Tela ce ta fara, da saƙon murya mai tsawo, rabinsa dariya, tana miƙa sarauta. Wata ta ce a lulluɓe yarinyar da leda kada raɓa ta taɓa ta. Wata ta tambaya ko za a iya ɗan barbaɗa ta a miya.

Amma ki duba saƙonnin bayan fage. Wadda ta yi maganar leda ta rubuto a ɓoye cewa Allah ya yi mata albarka, tun da ta ji cidar nan take addu'ar a fasa. Mai maganar miya ta ce mijinta ya ɓoye mata takalmi, dama tana neman yadda za ta faɗa. Ita kanta Tela ta ce in tana da abin da ke son gyara ta kawo, kyauta, amma kada ta gaya wa kowa. Duk suka koma guruf suka ci gaba da tsokana.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, a fili ko a ɓoye. Yarinyar ta yini tana guga tana leƙen waya, har ta kusa ƙona wa wani kwalar riga. Sunan bai dame ta ba kamar yadda ta zata. Shirun Uwar Tafiya ne ya hana ta sakat.

Sanarwa: babu hannuna

Duk wadda ta bi matakan nan ta jiƙe, ko ta bushe, ko ta samu sabon suna, ita ta sani. Ban san sama ba, ban san gwiwar kakar kowa ba, kuma in kin gan ni a hanya kada ki tambaye ni, don sunkuyar da kai zan yi. Abin da 'yar guga ta yi washegari kuwa ba ya cikin matakan, ban kuma ce ki kwaikwaya ba.

Da gari ya waye ta fito ƙofar gida ta ɗaga kai. Akwai gajimare jefi-jefi, farare, babu cida, ƙasa a bushe. Ba ta tashi Kaka ba, ba ta taɓa wayar Yaya ba. Ta ɗaura hula ta hau keke har gidan Uwar Tafiya, ta ƙwanƙwasa da ƙarfin da ita kanta sai da ta tsorata.

Falon cike yake da kwalaye, an sauke labule, bango duk tabon hotuna. Keken na jingine a kusurwa, an cire masa tayar gaba an ɗaure ta a jikinsa da igiya, yana jiran mota. Uwar Tafiya ta tsaya da kofin shayi a hannu tana kallon ta.

"Gishiri. Me ya fito da ke da sassafe?"

"Na zo in ce a fito, Mama."

"Wa ya tambaye ki?"

"Babu."

"Kin tabbata ba za a yi ruwa ba?"

"A'a. Amma yau ba a tsawa. In aka fara, zan ce a juya, kuma za ki juya."

Uwar Tafiya ta kurɓi shayinta, ta ajiye kofin a kan kwali. Ta daɗe tana laluben wata jaka, ta zaro sifana ta miƙa mata, ta ce ta kwance igiyar a hankali, don gobe ma za a nemi abin ɗauri.

Yarinyar ta durƙusa ta fara mayar da tayar.