Minsharin da Ya Sayar da Katifa

"Lafiya lau, amarya. Ashe haka wurin aikin naki yake? Fitilu ko'ina kamar za a yi wa mutum tiyata!"

Tsohon direba ne ke magana daga bakin ƙofar ɗakin ɗaukar hoto, ya dogara da sanda yana ƙifta ido. Wadda yake kira amarya jikarsa ce, kuma yau ne karon farko da aka damƙa mata talla ta shirya da kanta, tallar katifa ta talabijin. Masu kamfanin katifar sun ce sun gaji da jarumai masu sheƙi, yanzu fuskar mutanen gida ake yayi. Dattijon da aka shirya da shi kuwa ya bugo waya da safe, wai ƙafarsa ta kumbura. Shi ne ta aika aka ɗauko mata nata tsohon.

"Shigo, ango. Bi a hankali kada ka taka wayar wuta. In ka mutu a nan ba mu da lokacin kuka."

"Ni? Sai na ga furfurarki tukuna. Kin zagaye gari kin rasa kyakkyawa, kin dawo wurina ko?"

"Cewa aka yi in nemo fuskar da ta sha wuya. Ina rufe ido kai na gani."

Mai kwalliya ta matso da hoda, tsoho ya ja baya.

"Wannan kuma me za ta shafa min?"

"Sanƙonka ke kashe wa mai kyamara ido," in ji jikar.

"Sanƙon nan kakarki ta gani ta kori samari bakwai."

"Ai dama tun tana budurwa ba ta gani sosai."

Da ƙyar aka zaunar da shi a gefen katifa. Jikar ta ce, "Abu ɗaya za ka faɗa: tun da na sami katifar nan, bayana ya daina ciwo."

"Ƙarya kenan. Bayana na ciwo tun ba a haifi ubanki ba."

"Talla ce, ba kotu ba."

A ɗauka ta farko ya dubi kyamara ya shiga gaida abokansa na tasha ɗaya bayan ɗaya. A ta biyu ya ce, "Tun da na auri yarinyar nan, bayana bai sake lafiya ba." Mai riƙe fitila ya yi dariya har hasken ya koma kan silin.

Ana cikin haka wakilin kamfanin katifa ya shigo. Ya harɗe hannuwa, ya dubi agogo, ya dubi tsoho, fuska ba walwala. Jikar ta durƙusa kusa da kakanta, ta rage murya.

"Kaka, don Allah. In mutumin nan ya fita da fushi, ba mai sake ba ni aiki."

Tsoho ya dubi idonta, ya ga wannan ba wasa ba ce.

"To, bari in kwanta in tattara hankalina. Yau za ki ga aiki."

Ya miƙe a kan katifa, ya ja bargo, ya lumshe ido. Ta ce, "A fara!"

Shiru. Ta sake cewa, "Kaka, maganarka."

Sai ga wani minshari kamar tsohuwar babbar mota ta kama hawan tudu. Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya yi tsalle. Jikar ta ɗora hannu biyu a ka. Ta juya za ta ba wakilin haƙuri, ta tarar ya dafe bango yana dariya har da hawaye.

"Kada a kashe kyamara! Ai tallar kenan. Katifar da ta kwashe mutum a tsakiyar fitilun nan, wace magana kuma take nema?"

Sai da aka gama ɗauka tsaf sannan ta girgiza shi.

"Tashi, ango, ka kunyata ni. Barci a bakin aiki!"

"Barci? Wasan kwaikwayo ne, yarinya. Duk ina jin ku."

"To me aka ce?"

"An ce na fi ki iya aikinki."

"Yawun da ke kan matashin fa?"

"Ƙwarewa ce. Cikin jarumanku wa ya iya?"

Wakilin ya share hawaye ya ce, "Baba, katifar nan taka ce."

"Madalla. Ku ɗauke ni da ita har gida, ba na sauka. Ke kuma, wa ya cece ki yau?"

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Na yarda, kai ne."

"Ban ji ba, kin san kunnen tsufa. Mai sauti, kawo sandar nan taka, ta faɗa a ciki."

Aka miƙo mata makirufo har baki. Tana dariya ta ce, "Angona ya fi kowa iya barci!"

"Ya isa," in ji tsoho, ya juya ya ƙara jan bargo.