Ranar da na soki buhun Baba Hamadu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na soki buhun Baba Hamadu ba, kuma Allah Ya sani na yi ƙoƙarin mantawar.

Sana'ata shinkafa ce a Garwa. Da rabin buhu da mudu na fara a bakin kasuwa, yau ina da sito biyu. A boko aji uku na tsaya, Faransancina bai wuce na gardama da jandarma a hanya ba. Shi ya sa da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayata (wadda 'yan boko a nan suke kira IA) na riƙe ta hannu bibbiyu. In yi mata magana da Hausata, ta tsara mini takarda da Faransancin da ni kaina sai na ji tsoron mai sa hannun. Cikin wata biyu na zama malaminta a majalisarmu. Kowa ya yi tari sai in ce, "Bari mu tambayi IA."

Baba Hamadu kuwa dattijo ne a Yagwa. Shi ke tara shinkafa daga manoma, ya kai injin casa, ya ɗura a buhu. Shekara goma sha bakwai ina saye a hannunsa. Mu 'yan hatsi muna da wani ƙarfe mai rami da ake soka wa buhu, a zaro ƙwaya a duba. Kowane buhu ana sokarsa, ban da na mutumin da kuka yi amana. Buhun Baba ba a sokarsa, kowa a Yagwa ya sani. In ya ce mai kyau ce, ka loda mota.

To ga inda zan tona kaina. A sitona nakan ɗan gauraya shinkafar Baba da wata karyayya mai araha, in sayar da sunan "ta Baba Hamadu". (Na ce "ɗan". Ku bar ni da kalmar, ita ta rage mini.) Na daɗe ina gaya wa zuciyata cewa kowa haka yake yi.

Ana haka wani babban ɗan kasuwa daga Ngaundere, Alhaji Sali, ya nemi in riƙa ba shi shinkafa mota guda duk wata. Mutum ne mai son zamani, ni kuma ina so in burge shi. Na ce ya zo mu je Yagwa ya ga yadda nake tantance kaya da na'ura. Ana gobe tafiya na yi gwaji a sito: na zuba shinkafata a faranti, na ɗauki hoto. Ban kai ga turawa ba aka kira ni wajen masu sauke kaya, na manta.

Mun isa Yagwa da hantsi. Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar sitonsa, aka kawo shayi, aka yi gaisuwa da Fulatanci har ta ƙare. 'Yan dako da manoma sun kai goma a wurin. Sai na miƙe, na zaro ƙarfen daga jaka.

Baba ya dubi ƙarfen, ya dube ni.

"Alhaji ƙarami, wannan fa?"

"Baba, ba rashin yarda ba ne. Zamani ne ya zo da haka."

"To, zamani ya soka," in ji shi.

Na soka. Na zuba ƙwayar a tafin hannu, na ɗauki hoto, na buɗe manhaja, na zaɓi hoto, na tura, ina yi ina waiwayen Alhaji Sali don in tabbata yana kallo. Amsa ta fito. Na gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo, na karanta wa jama'a: akwai karyayyar ƙwaya da yawa, launin ba ɗaya ba ne, da alama iri biyu aka haɗa. A ƙasa ta ƙara da cewa hoto kaɗai ba ya isa a yanke hukunci, amma wannan layin na tsallake shi, domin yana rage wa wasan armashi.

Har da girgiza kai na yi. "Baba, ban zaci haka ba." Ni ɗin nan na faɗi haka, da bakina.

Wani manomi ya yunƙura zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce in ba shi wayar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji ƙarami, a hannunka ka zuba shinkafata, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"To yaushe hannunka ya zama faranti mai furanni?"

Na karɓi wayar. Hoton jiya ne. Farantin sitona ne, har da gefen sikelina. Na fara cewa kuskure ne, wannan wata shinkafa ce dabam. Alhaji Sali ya leƙo ya ce, "Ai ita ce ka nuna mini a Garwa, ka ce ta Baba ce." (Har yau ban san ko taimakona ya yi niyya ba.)

Baba ya cire tabarau, ya ninke a hankali.

"Na'urarka ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Na gane shinkafata a ciki, rabi. Ɗaya rabin ne ban san babansa ba."

'Yan dako suka fashe da dariya, ɗaya har ya zauna a ƙasa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da ƙarfe kamar wanda aka kama a rumbun wani. Abin da ya fi ƙona ni shi ne Baba bai yi dariyar ba. Ya ce, "Sunana ka sayar, ba shinkafa ba. Shi kuma ba ni da wani a ajiye."

Ranar motata wayam ta koma Garwa. Sai da muka wuce garin Gidar Alhaji Sali ya tambaye ni ko manhajar tana duba gyaɗa ma.

Sati uku ina kiran Baba ba ya ɗagawa. Na ware buhunan da na gauraya, na sayar da su da sunansu na gaskiya a farashinsu na gaskiya, sannan na koma Yagwa ni kaɗai, ba ƙarfe, na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama shayinsa. Sannan ya zaro sabuwar waya daga aljihu.

"Na sa an saka mini abin naka," in ji shi. "Zan ba ka kaya. Amma duk Juma'a ka turo mini hoton abin da kake sayarwa da sunana. A tafin hannunka. In ga zoben nan na yatsanka."

Haka muke har yau. Mutane suna ta cewa nan gaba na'ura za ta maye gurbin amana a kasuwa. Ni dai abin da na gani, na'ura tana duba abin da ka miƙa mata, ba ruwanta da wanda kake so a kama. In za ka kai ta gidan mai gaskiya, fara goge hotunan gidanku, ko kuma ka gyara abin da ke cikinsu. Na biyun ya fi tsada, na gwada, amma shi ne ba a yi maka dariya a Yagwa.