Rasuwar 'Yar Jamus a Bakin Koramar Garhanga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya hana ta zama wuri ɗaya, Malam Sulemanu, mai ɗaurin ciwo a asibitin mishan na ƙasar Madawa, da maiɗakinsa Dinatu, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Madawa, Buza da Keita rasuwar motarsu, wadda aka fi sani da 'Yar Jamus. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin daminar bana ta 1994, bayan doguwar jinya. Ita ta yi haƙuri da ciwon, mai ita ne bai yi ba.

Marigayiyar ba yarinya ba ce. Ta ci ƙuruciyarta a Jamus, sai da ta tsufa wani Bature mai jan gemu ya keto hamada da ita, ya yada zango a Tawa yana neman mai saye. Manzo makanike, wanda Sulemanu ya ɗauko don ya duba ta, ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana girgiza kai, ya ce kayan gyaranta babu su daga nan har Sakkwato. Dinatu ta ce mai ɗaurin ciwo da keke ya dace. Duk Sulemanu bai ji ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa, cewa kat-kat ce, wato ƙafafunta huɗu duk suna ja, yashi ba ya tsai da ta, laka ba ta riƙe ta. Ya tuna hanyar garinsu, ya miƙa hannu aka yi ciniki.

Garin nasu shi ne Garhanga. Tun da ya zama Kirista yana saurayi, ba wanda ya kore shi da baki, ba kuma wanda ya ƙara shimfiɗa masa tabarma. Wansa Halidu ya daina kiran sunansa. Tsohuwarsu Cima kan aiko masa da daddawa ta hannun 'yan kasuwa, ba saƙon baki. Abin na cinsa ƙwarai, kuma shi mutum ne da ko a coci ƙafarsa ba ta daina kaɗawa.

Marigayiyar ce ta buɗe masa hanya. Idan koramu suka kawo, manyan motoci suka ja da baya, ita kaɗai ke kutsawa. Ta ɗauko masu naƙuda daga Garhanga, ta ɗauko manomin da maciji ya sara a Karofane, ta taɓa kwaso amarya da ƙawayenta da ruwa ya tsare a hanyar Bangi. Ba ta taɓa tambayar fasinja inda yake sujada ba. Waɗanda suka san ta ba za su manta da gaisuwarta ta safe ba, "ƙir-ƙir-ƙir, tuf," ko kukanta a kan tudu, "uuu-uuu," ko ƙahonta mai shaƙaƙƙiyar murya irin ta tsohon bunsuru.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma wannan sai an faɗa. Tana da wuyar tashi. In aka kashe ta, sai an tara majiya ƙarfi sun tura. Saboda haka Sulemanu bai taɓa kashe ta a ƙofar gidan ubansa ba. Yakan tsaya tana ruri, hannu ɗaya a kan ƙofa, ya gaisa da ƙarfi, a ɗora mara lafiya, ya juya. Ba ya jira ya ga ko za a ce ya shigo, su ma ba sai sun yanke shawarar ko za su ce ba. Manzo ya sha rantsuwa cewa ya gyara wannan ciwon tun bara, amma iyalan mamaciyar ba sa son a tada maganar a lokacin makoki.

Ciwon ajali ya soma mata da tari da baƙin hayaƙi. Manzo ya dasa mata kayan cikin motoci iri-iri har ta zama ba a san ƙabilarta ba. Ranar Talatar nan tana ɗauke da tsohuwa Cima, wadda aka yi wa aikin ido a asibiti, za a mai da ta gida. Suka tarar koramar ta kawo. Marigayiyar ta shiga, ruwa ya kai mata ƙirji, ƙafafu huɗun nan suka yi ta haƙilo har ta hau gaɓar da ke ɓangaren Garhanga. Tsohuwa ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Sai motar ta ce "tuf," ta yi shiru, irin shirun da Sulemanu bai taɓa ji a garinsu ba.

Mata suka zo suka kama hannun Cima suka shiga da ita. Shi kuwa ya kasa tsaye ya kasa zaune. Ya buɗe bakin motar ya rufe, ya murɗa makulli, ya zagaya ta, ya sake buɗewa. Ya kama hanyar gari da ƙafa, ya kai wurin rijiya, ya dawo. Ba mutuwar ƙarfe ce ta tayar masa da hankali ba. Tsoronsa shi ne, da motar ake gaisawa duk shekarun nan, ba da shi ba, kuma yanzu mai gaisuwar ta tafi ta bar shi.

Ta rasu ta bar taya ɗaya sabuwa da sauran da ba a faɗa, da igiyar ja da ba ta taɓa buƙata ba sai ranar nan, da yara da dama da suka fara kukan duniya a kujerarta ta baya, da Manzo, wanda ya ce shi ne maraya na gaskiya.

Game da jana'iza, an so a ja gawar zuwa Madawa, amma an fasa. Da la'asar Halidu ya iso bakin koramar da shanun nomansa, ya ɗaura igiya bai dubi kowa ba, ya ce, "Ba a kai ta ko'ina. Mu tay yi ma wahala, wurinmu za ta kwanta." Aka ja ta a hankali, jama'a na biye, aka ajiye ta a gindin bagaruwar ƙofar gida. Sulemanu ya tsaya inda ya saba tsayawa, hannu a kan ƙofarta. Halidu ya shiga gida ya fito da tabarma da akushi ɗaya, ya ce, "Sulemanu, mi kaka jira? Ta dai mutu. Taho ka wanke hannu, tuwo na hucewa."

Don haka masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa Madawa, sai dai in Dinatu za su ɗauko, don tsohuwa ta ce tana son ta gwada sabon idonta a kan surukar tata. Ana zaman makoki a Garhanga, ƙofar gidan mahaifin Sulemanu, marigayi Malam Muhammadu. Ba a sa ranar tashi ba. Za ku tarar da mai makokin a zaune, kusa da wansa.