Gorar Awara a Gaban Madam

Ko tsufa ya kwashe mini sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da abin da awara ta yi mini a biro, wato ofishinmu, ba.

Daga likita abin ya faro. Ya auna ni, ya dubi tumbina, ya ce sukari na neman hawa, in rage shinkafa da burodi. Ragewa fa ya ce. Ni kuwa sarkin zaƙewa, sai na haɗa har da nama na yi musu sallama. A waya na ga yadda ake markaɗa ɗanyar awara da madarar waken suya da garin zogale, a sha a madadin abinci: ga gina jiki, ba sitaci. (Tofu suke ce mata a bidiyon. Ni ma na koma cewa tofu har da lanƙwasa harshe, ni da na tashi a Maraɗi ina dangwala ta da yaji a ƙofar lekol, makarantar bokonmu.)

Matata ta kurɓa sau ɗaya ta ce, "Maigida, wannan ko akuya sai an roƙe ta."

Ban kula ba. A biro ɗinmu na unguwar Plateau na zama mai wa'azi. Duk wanda ya buɗe kwanon shinkafa sai na tsaya a kansa ina girgiza kai. Hamani, abokin aikina Bazabarme, ya fi kowa shan wuya, har ya koma cin abincinsa a cikin mota.

Ana haka aka kawo mana sabuwar shugaba, Madam, mace mai kamewa. Ta kira taro don zaɓen wanda zai wakilce mu a Dakar, kuma kowa ya san ni ake hange. Tun ana gobe na haɗa abina na zuba a gora na sa a firigo, ashe kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke cikin dare. Da safe na ɗaure gorar a bayan moto, ɗan babur ɗina, na taso daga unguwarmu Kirkissoye, na maƙale a cunkoson gada cikin zafin bazara. Na lura gorar ta kumbura ta yi tauri. Na ce a raina ƙarfin abin ne.

Bayanina ya yi kyau, wallahi ya yi. Har Madam ta gyaɗa kai. Da aka tafi hutu aka shigo da gasasshen nama da lemo, na ɗaga hannu na ce a'a, ni na wuce nan.

"Me kake sha haka, Malam?" in ji Madam.

Abin da nake jira ke nan. Na matso kusa da ita, na girgiza gorar da kyau yadda masu bidiyo ke yi, na murɗa murfin.

Fuuu! Murfin ya doki silin. Koren ruwa mai kumfa ya wanke mata farar shadda, da tabarau, da takardun gabanta. Sai kuma warin, kamar an buɗe kwata da tsakar rana. Hamani ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Maimakon in ba da haƙuri, kun san me bakina ya furta? "Madam, ba shi da sitaci ko kaɗan."

Ta cire tabarau, ta goge a hankali. "Na gode, Malam. Shaddar ce mai sitaci, ga shi ka wanke mata shi."

Hamani ne ya tafi Dakar. Ya turo mini hotonsa gaban tiren shinkafa da kifi.

Har yanzu ina shan awarar, kuma sukarin ya sauka. Sai dai na koyi cewa mai gyaran cikinsa ya gyara shi a gida, ya ja bakinsa. In kuwa gora ta kumbura, a juya bakinta wajen bango, ba wajen mai sa hannu a takardar tafiya ba.