Lodin Ranar Jarrabawa

Wani ne a nan Birnin Gwari, ɗan Kutemeshi, Allah Ya ba shi gurbin karatu a wata jami'a a Kaduna. Innarsa ta bi ƙauye gida-gida tana ba da labari. Har gidan da ba sa ga maciji sai da ta leƙa ta faɗa.

To, karatu sai da abin sawa a baki, Kaduna kuma ba nan kusa ba. Mutumin ya zauna ya yi tunani, irin tunanin nan da gara a ce barci mutum ya yi. Ya ce ya gano dabara. Zai kama aikin kwandasta a bas mai jigila tsakanin Birnin Gwari da Kaduna. Ga aiki, ga mota kyauta kullum har garin da makarantar take.

Direban, wani mai suna Bature, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka iya aikin?"

"Me ke cikinsa, Oga?"

"Abu ɗaya ne. Mota ba ta tashi sai ta cika. Kowace kujera mutum huɗu. In ka riƙe wannan, ka gama digirin tasha."

"Na riƙe."

Kuma wallahi ya riƙe. Duk karatun da ya yi a shekarar nan, wannan ne kaɗai ya zauna masa daram.

Matsalar da bai hango ba ita ce, motar ba ta cika sai hantsi ya dubi ludayi. Ga ramuka. Kafin su isa Kaduna an tashi daga lakca. Suna sauke fasinja kuma Bature zai hau sabon lodi, don ba direban da ke son yamma ta yi masa a dajin nan. Sai dai hanyar ta bi ta gaban ƙofar jami'ar. Kullum gogan naka yana rataye a ƙofar bas, littafi a hammata, yana ɗaga wa maigadi hannu. Da zuwa ya ɗaga, da dawowa ya ɗaga.

Ran nan Inna ta tambaye shi, "Kana dai zuwa makarantar ko?"

Ya ce, "Kullum, Inna. Sau biyu ma."

Ana nan, sai wata rana giyar motar ta tsaya musu a Kaduna, aka tura motar wurin makaniki. Mutumin ya samu sarari ya shiga aji, karo na farko a wata huɗu. Malamin, wani Dakta Gideon, ya dakata da rubutu a allo.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

"Ɗalibinka ne, Dakta."

Dakta ya buɗe takardar sunaye, ya bi da yatsa har ya iske shi.

"Au, kai ne! Ashe kana raye. Mu har mun yi maka addu'a." Ya rufe takardar. "To ka saurara. Ranar Talata, ƙarfe sha biyu na rana, akwai jarrabawata. In ka zo ka zauna ka rubuta, zan san yadda zan yi da kai. In ba ka zo ba, a cire sunanka, ka koma inda ka fito."

Mutumin ya fito daga ajin. Ba korar ce ma ta fi damunsa ba. Inna ya tuna, da gidajen da za ta sake bi ɗaya bayan ɗaya tana janye magana.

Ya samu Bature. "Oga, ranar Talata ka bar ni in bi motar farko."

"Kwandastana ya shiga motar wani kamar fasinja? A tashar nan? So kake a yi mini dariya? Ai mu ne a kan layi ranar. Kai dai ka cika ta da wuri."

To, akwai wata dabara a tasha, duk ɗan tasha ya san ta. Fasinja ba ya son mota wayam, don ya san zai daɗe yana jira. Sai a samu mutum biyu ko uku su shiga su zauna kamar matafiya. Fasinja ya leƙo ya ga mutane, ya shiga. In motar ta fara cika, sai su zare jiki ɗaya-ɗaya. Mutum biyu ko uku, na ce.

Shi gogan naka sai ya yi lissafi irin na ɗan jami'a. Ya ce in mutum uku na cika mota cikin awa biyu, to mutane da yawa ai sai a ce tashi.

Ranar Talata tun da sanyin safiya ya bi tasha yana raɗa wa mutane a kunne. Ya samu Abdulƙarim mai shayi. Ya samu mai faci, da mai wankin takalmi, da mai yankan farce, da masu turin baro su huɗu. Ya samu wani Bafulatani da ya zo sayen gishirin shanu, ya roƙe shi arziki. Haka ya yi ta tara mutane, ba ya ƙirgawa. Duk wanda ya samu sai ya ce masa, "Minti goma kawai, ka zauna ka ɓata rai kamar mai tafiya." Bai gaya wa kowa cewa ya gaya wa wani ba.

Kafin ƙarfe bakwai mota ta cika maƙil. Mutum goma sha takwas, kowa ya ɓata rai. Kowa yana kallon na kusa da shi yana cewa a ransa, ashe wane ma Kaduna za shi yau.

Fasinjoji na gaske suka fara zuwa da jakunkuna. Duk wanda ya leƙo sai ya ga ba wuri, ya ja da baya. Ɗan kamasho ya leƙo, ya buga jikin motar. "Ta cika! Mota ta gaba ta shigo layi!"

Sai ga Bature ya dawo daga cin ƙosai yana goge baki. Ya ga mota cike ƙarfe bakwai. Shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa gani ba.

"Kai, karatu ya yi rana! An karɓi kuɗin mota?"

"A hanya zan karɓa, Oga."

Bature ya tada mota.

Nan fa ya kamata mutumin ya yi magana. Ya buɗe baki, sai ya tuna ƙarfe sha biyu, ya mayar ya rufe. Ya ja ƙofa garam. Su kuma na ciki ba wanda ya motsa, don an ce kada a zare jiki a gaban fasinja, kuma kowa ya ɗauka sauran sha bakwai ɗin fasinjoji ne.

Suka fita gari. Suka wuce gonakin masara. Daji ya fara haɗewa. Sai aka ji muryar Abdulƙarim daga baya, a hankali.

"Direba, don Allah in ba damuwa, na bar tukunya a wuta."

"Wace tukunya?"

"Ta shayi."

Mai faci ya ce, "Ni ma tayar wani na buɗe."

Mai yankan farce ya ce ya bar mutum da hannu ɗaya. Bafulatanin ya ce shi dai shanunsa suna bayan kasuwa, kuma ba su san ya yi tafiya ba.

Bature ya taka burki, ya juyo. "Tsaya. A cikinku duk wanda za shi Kaduna ya ɗaga hannu."

Ba wanda ya ɗaga. Can sai kwandasta ya ɗaga.

Abin da Bature ya faɗa a wurin nan ba zai maimaitu ba. Ya juya kan mota. Suna isa tasha suka tarar motar bayansu ta kwashe fasinjojin ta tafi, ta bayanta ma ta tafi. Ɗan kamasho ya ce ai sun riga sun ci layinsu, su koma ƙarshe. Tukunyar Abdulƙarim kuwa ta ƙone ƙurmus.

Mutumin bai tsaya sallama ba. Ya ruga bakin titi, ya samu babbar mota mai buhunan masara, ya ɗare sama. Tana tafiya tana nishi, tana tsayawa shan ruwa. A kan buhu ya yi bitar wata huɗu. Iska ta kwashe masa shafi bakwai, ya ce ƙila ba za su fito a jarrabawa ba.

Ƙarfe uku saura kwata ya diro a ƙofar jami'a. Maigadi ya ɗaga masa hannu bisa sabo, sai ya ga yau mutumin shigowa yake yi. Ya bi shi da kallo.

Ya faɗa ɗakin jarrabawa fari fat da ƙurar masara, yana haki. Ɗaki tsit. Dogayen bencina jere, kowane da ɗalibi ɗaya a tsakiya, an bar fili dama da hagu don kada wani ya leƙa takardar wani. Kowa ya duƙufa yana rubutu.

Dakta Gideon ya dubi agogo, ya dube shi.

"Ka makara. Tun sha biyu muka fara, saura minti goma sha biyar a ajiye biro. Ba a shiga yanzu."

Mutumin ya dubi bencin farko. Ya dubi na biyu. Ya bi ɗakin da ido har bango, yana ƙirgawa da leɓe. Sannan ya juyo, ransa a ɓace.

"Haba Dakta! Benci mai cin mutum huɗu, mutum ɗaya-ɗaya a kai, kuka tashi? Wa ya yi muku lodin nan?"